Babi na Bakwai: Rediyon da Ya Ƙi Ɗaukar Caji

Wanda ya ratsa Badawa da sassafe zai ji shi kafin ya gan shi. Yana rataye a ƙusa a rumfar mai shayi, yana gefen keken tela, yana kan benci kusa da maigadi a ƙofar ɗaya daga cikin manyan gidajen Nassarawa GRA. Ɗan akwatin roba ne da bai wuce tafin hannu ba: eriya, lasifika ɗaya, kafar memori, kafar filashi, wani ma har da tocila a ka. Wasu su ce masa rediyo mai memori, wasu su ce MP. Da asuba karatun Alaramma Ahmad Sulaiman yake yi, da hantsi ya koma labaran Freedom Radio, da rana tafsirin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka harbe a masallacin Ɗorayi a Afrilun 2007 amma muryarsa ba ta bar unguwannin Kano ba. Da dare kuwa, in maigadin Bakatsine ne, sai Shata.

A ƙasashen waje, in ana tarihin na'urar sauraro ta aljihu, da Walkman ake farawa, wanda kamfanin Sony ya fitar a Japan a 1979, a zo kan iPod na Apple a 2001, mai ɗaukar waƙa dubu, a rufe da watan Mayun 2022 da Apple ya daina ƙera shi. Kano ba ta bi wannan layi ba. Mu daga kaset muka fito, kaset ɗin da ake kwafa a Ƙofar Wambai ana rarraba shi har ƙasashen maƙwabta, harkar da Brian Larkin ya rubuta a kanta a littafinsa Signal and Noise na 2008. Daga kaset muka ɗan taɓa faifan CD, sannan muka faɗa memori da masu tura waƙa a bakin titi. iPod bai yi jijiya a nan ba. Tsada na cikin dalilai, haka ma buƙatarsa ta kwamfuta kafin a zuba masa komai. Amma a ganina abin da ya fi hana shi zama shi ne batirinsa a rufe yake a ciki. A garin da wuta ba ta da alkawari, na'urar da ba a iya cire mata batir a sa wani baƙuwa ce, komai kyanta.

Masana'antun Sin da suka ƙera rediyon mai memori sun gano wannan, ko kuma kasuwa ce ta gano musu. Maimakon su yi masa batir nasa na kansa, sai suka sassaƙa masa gurbi daidai da BL-5C, batirin Nokia 1100 mai tocila da 'yan'uwanta. Wayar nan ta fito a 2003, an sayar da fiye da miliyan 200 nata a duniya, don haka batirinta ya cika kowace kasuwa, daga titin Beirut zuwa Farm Centre zuwa teburin mai sayar da kati a ƙauye. Manyan rediyoyin kuma suka ɗauki wani batir mai siffar gungume da ake kira 18650, lambar da ba komai ba ce face awonsa: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Wannan zaɓi shi ya sa ɗan akwatin ya zama namu.

Shi ya sa kuma nake jin takaici in na ga an jefar da shi da sunan ya mutu. Koken da ake kai wa masu gyara kusan iri ɗaya ne kullum.

"Malam, ga shi nan, ya daina ɗaukar caji. Batirin ne ya mutu."

"To Baba, ina cajar da kake sa masa?"

"Tana gida. Ai ita lafiyarta ƙalau."

Mai gyaran da ya san aikinsa a nan zai tsaya, domin sau da yawa abin da aka baro a gida shi ne marar lafiyar. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Kafin wuta ta isa batir sai ta bi ta soket, ta shiga kan caja, ta ratsa igiya, ta wuce ta bakin rediyo, ta bi ta 'yar ƙwayar da ke lura da caji, sannan ta taɓa ƙarafunan batir. Ko'ina a wannan hanya tana iya maƙalewa, kuma batirin da ake ɗora wa laifi shi ne zango na ƙarshe.

Gadon da muka ci daga tsohon batir

Kafin mu bi hanyar, akwai abin da ya kamata a kawar, wato ɗabi'un da muka taso da su. Wanda ya girma da rediyo mai cin manyan batura huɗu na Tiger Head ya san dabarun talaka. In murya ta fara shaƙewa ana tsakiyar labaran BBC, sai a cire batiran a shanya su a rana. In ba su farfaɗo ba, a ɗan ƙwanƙwasa su da dutse, yaro ma ya sa haƙori ya ciza. Kuma abin yana yi, na ɗan lokaci, domin zafi da matsi suna motsa sinadaran da suka yi sanyi a cikin irin wancan batir. Daga baya batura masu caji na nikel suka zo da nasu ƙa'idojin: sabon abu a bar shi a wuta awa takwas ko ma kwana, kuma kada a mayar da shi caji sai ya ƙare ƙarƙaf.

Duk waɗannan, in aka yi wa batirin litiyam, irin su BL-5C da 18650, cutarwa ce. Shanya shi a rana tana tsufar da shi. Ƙwanƙwasa ko cizo na iya huda siririn mayafin da ke raba ɓangarorinsa biyu a ciki, kuma in suka haɗu wuta ce ke tashi. Cajin awa takwas na farko ba ya ƙara masa komai. Barinsa ya ƙare tas kuwa shi ne abin da ya fi ƙi. Sony ne ya fara sayar da irin wannan batir a 1991, mutum uku da suka yi aikin binciken da ya haife shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, suka karɓi kyautar Nobel a 2019. Shekaru fiye da talatin ke nan yana duniya, amma har yau mai shago zai miƙa maka sabon rediyo ya ce, "Ka bar shi ya kwana a caji kafin ka kunna."

Akwai wani batirin kuma da ke ƙara rikita lissafi, na dalma, wanda ake samu a fitilu masu caji da wasu manyan rediyoyi masu nauyi da ake soka su kai tsaye a bango. Shi wannan yana son a cika shi da zarar an yi amfani da shi, kuma in ya daɗe a kwance babu caji, farantansa na ciki kan yi ɓawon da ba ya komawa. Nauyi ne ke tona shi. In rediyo ya yi nauyin da bai dace da girmansa ba, mai yiwuwa dalma ce a ciki.

Shi batirin litiyam, rayuwarsa tsakanin lamba biyu take. In ya cika yana bolt 4.2, in ya sauka wajen bolt 3 ya ƙare. Lambar 3.7 da ake bugawa a jikinsa tsaka-tsaki ce. Caja tana kawo bolt 5, don haka dole a sami mai tsaron ƙofa da zai hana ta wuce gona da iri. Wannan ita ce 'yar ƙwayar da masu gyara ke kira IC ɗin caji, kuma wadda ta fi yawa a ƙananan kaya ita ce TP4056 da ire-irenta. Aikinta irin na ɗan garuwa ne da ke cika randa: da farko ya tuttula da ƙarfi, in ruwa ya kusa baki ya sassauta hannu yana tsiyayawa, har ya ga ya isa ya ɗauke jarka. Haka take sakin wuta da ƙarfi har batir ya kai 4.2, sannan ta riƙe shi a nan tana rage abin da ke shiga, in ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma ta yanke, jar fitila ta koma kore ko shuɗiya. Saboda haka rabin farko na caji yake sauri, ƙarshensa yake jan ƙafa. Batirin BL-5C mai 1020 mAh, a rediyon da ke jan rabin amfiya, awa biyu da rabi zuwa uku sun ishe shi.

Wannan ƙwaya tana da wata ɗabi'a da ta sa an zubar da rediyoyi masu rai da yawa. In ta tarar batir ya faɗi ƙasa da bolt 2.9, ba ta buɗe masa wuta gaba ɗaya. Ɗigo take ba shi, kashi ɗaya cikin goma, sai ya farfaɗo. A wannan lokaci rediyon ba zai kunnu ba, allonsa ba zai nuna komai ba, wani ko fitilar ba za ta kama ba. Mai shi ya soka, ya jira minti biyu, ya latsa, shiru, ya ce inna lillahi, ya tafi. Da ya kashe makunnin ya bar shi rabin awa ko awa guda, da ya tashi. Wannan shi ne gyaran da ya fi kowanne araha, ba ya cin ko kwabo.

Wutar da muke da ita

Takardar da ke zuwa cikin kwalin rediyo, in ma akwai ta, an rubuta ta ne don mutumin da soket ɗinsa ba ya ƙarya. Mu namu lissafin daban ne. Tun Nuwamban 2013 kamfanin KEDCO ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ko da yake yara har gobe NEPA suke yi wa ihu in ta dawo. A Afrilun 2024 aka ware layukan da ake kira Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, aka kai kuɗinsu naira 225 kowane yunit. Sauran layuka kowa da rabonsa. A ƙarshen Oktoban 2024 kuma, bayan an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, sai layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda ya rage yana ɗauko wuta daga kudu, shi ma ya faɗi. Yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. A irin waɗannan kwanaki ne batura ke faɗawa ramin da na ambata. Rediyo ya ƙare, an ajiye shi a kunne, yana ci gaba da tsotsar ɗan abin da ya saura. In batirin na kirki ne, akwai 'yar kariya a kansa da ke yankewa kafin ya yi nisa. In marar kariya ne, kamar yawancin 18650 da ake sayarwa tsirara, zai yi ta gangarawa. Abin yi a nan ƙarami ne: rediyo in ya ƙare kuma babu wuta, a cire batirin a ajiye shi a gefe.

Rashin wuta shi ya haifi shagon caji, sana'ar da babu layin da ba ta a Badawa da Giginyu: allon katako cike da soket, ƙaramin inji na kuka a baya, a liƙa wa kayanka lamba a ba ka 'yar'uwarta. Ga wani lissafi da zai ba mai karatu mamaki. Batirin BL-5C in ya cika, wutar da ke cikinsa ba ta kai wat 4 na awa guda ba, yunit ɗaya kuwa wat 1,000 ne na awa guda. Ko da kuɗin Band A aka auna, ko an haɗa da abin da caja ke ɓatarwa ta zafi, cika shi bai kai naira 2 ba. Abin da kake biyan mai caji ba kuɗin wuta ba ne, kuɗin fetur ne da haya da zaman gadin kayanka. Shi ya sa da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin caji ya tashi, kuma shi ya sa masu cajin da suka samu hali suka hau rufi suka kafa sola. Ban ga laifinsu ba. Abin da kawai zan ce wa mai kai rediyo shago shi ne ya tafi da cajarsa da igiyarsa, domin na shago sun sha hannu.

Mai batir biyu kuwa ya huta da rabin wannan wahala. Ya kai ɗaya caji, ko ya maƙala shi a cajar nan mai ƙafafu biyu da ake daidaitawa a kan ƙarafunan batir, ɗayan yana cikin rediyo yana aiki.

Wuta marar ƙarfi, wadda ke sa fanka juyi kamar ba ta so, ba ta cika damun caja ba. Duba jikin kan cajarka za ka ga an rubuta 100 zuwa 240, wato tana iya aiki ko da wutar ta faɗi ƙasa da rabin bolt 230 da ya kamata a samu. Abin da ke kashe caja shi ne akasin haka: tsallen da wuta kan yi lokacin da aka dawo da ita, da hawa da saukar ƙaramin inji in ana kunna shi ko mai na ƙare masa, da kuma ranar da wayar nutural ta tsinke a kan falwaya, wuta ta shigo gida tana neman bolt 400. Ranar nan unguwa kan kwana da ƙaurin ƙonannun kaya. Wanda ya saba zare caja in an ɗauke wuta, ya kuma dakata 'yan mintuna bayan an kawo, ya tsira daga mafi yawan wannan.

Daga bango zuwa batir

Soket da kan caja ba sa buƙatar dogon bincike. A soka wata na'urar a gani. Abin da ya cancanci bayani shi ne tsoron da mutane ke yi wa babbar caja. Sau da yawa za ka ji an ce cajar waya mai amfiya 2 za ta ƙona ɗan rediyo. Ba haka ba ne. Rediyo ke jan abin da yake buƙata, caja ba ta ɗura masa. Ko cajojin nan masu saurin caji da bolt 5 suke farawa, ba sa hawa 9 ko 12 sai na'urar ta nema. Haɗarin yana wurin rediyoyi masu zagayayyen baki, inda cajar dikoda mai bolt 12 kan shiga daram kamar don shi aka yi ta. Shiga ɗaya, IC ya tafi.

Igiya ita ce babbar mai laifi, kuma ita ce aka fi yarda da ita saboda daga waje ba ta nuna komai. Igiyar araha siraran wayoyi ne a ciki, wani lokaci ma alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Siririyar waya tana cin wuta a hanya. In igiya ta cinye bolt ɗaya cikin biyar ɗin da caja ta aiko, huɗu ne suka isa, batir kuwa yana neman 4.2 kafin ya cika. Sakamakon shi ne jar fitila tana kunne, kowa ya ga ana caji, a wuni a kwana, batir bai cika ba. Ƙari a kan haka, wayoyin kan karye a wuyan igiya, inda ake lanƙwasawa, su riƙa haɗuwa suna rabuwa. Duk rediyon da sai an karkata igiyarsa ko an ɗora mata dutse yake caji, a fara da sauya igiya. Gajera mai kauri ta fi doguwa mai ado.

Sai baki. Yawancin tsofaffin rediyoyin nan bakinsu irin wanda 'yan kasuwa ke kira V3 ne, waɗanda suka biyo baya V8, irin na tsofaffin wayoyin Android. Kano garin ƙura ce, balle daga Nuwamba zuwa Fabrairu in hunturu ya sauko da hazonsa. Ƙura da zaren aljihu suna taruwa a ƙuryar bakin, kowace soka igiya tana ƙara danna su, har su zama dunƙule da ke hana kan igiya kaiwa ƙarshe. A cire batir, a haska da tocila, a sa tsinken sakace a hankali. Ban da allura, ban da fil, domin ƙarfe na haɗa ƙafafun da bai kamata su haɗu ba. In kuma bakin da kansa yana girgiɗi, dalmar da ta riƙe shi a kan allo ce ta saki. Wannan aikin mai gyara ne na 'yan mintuna, kuma ko ba a gyara ba rediyon bai mutu ba, tunda ana iya cajin batirinsa a waje.

Sababbin rediyoyi sun fara zuwa da bakin Type-C, musamman tun da dokar Tarayyar Turai ta tilasta shi a kan ƙananan na'urori daga 28 ga Disamban 2024. A nan akwai tarkon da ya rikita har wasu masu gyara. Ƙa'idar Type-C ita ce caja ba ta sakin wuta sai ta ji alamar cewa an soka mata na'ura, alamar kuwa wasu 'yan ƙananan resisto biyu ne a cikin bakin na'urar. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma masu ƙera kayan araha sukan tsallake su. Sai ka ga sabon rediyo fil ya ƙi caji da tsadaddiyar cajar waya mai Type-C kai da kai, amma ya karɓa nan take da tsohuwar caja mai faffaɗan baki, wadda ita ba ta tambaya, wuta kawai take bayarwa. Ba abin da ya lalace. Igiya mai faffaɗan kai a gefe ɗaya ita ce maganin.

Fawa bank ma yana da tasa. An yi shi ya kashe kansa in ya ji abin da ake ja ya yi ƙasa sosai, don yana ɗauka an cire waya. Ƙaramin MP na maƙalawa a riga, ko rediyon da batirinsa ke matakin ɗigo, ba sa jan abin da zai riƙe shi a farke, sai ya yanke bayan 'yan daƙiƙu. Irin wannan a kai shi bango ko sola.

Wuri na ƙarshe kafin batir shi ne 'yan ƙarafuna uku masu lanƙwasa da ke taɓa shi. Suna yin tsatsa, suna kwantawa saboda yawan cirewa da mayarwa, kuma jabun batura kan ɗan gaza na asali a tsawo. In fitilar caji tana kyaftawa, ko ta koma kore da an soka, a duba nan. A goge su da ɗan spirit a auduga, a ɗago su kaɗan, in batirin na lilo a gurbinsa a cusa 'yar takarda a bayansa. Kowane maigadi ya san dabarar takarda, kuma wannan karon injiniya ma ba zai musa masa ba.

Akwai ɗabi'ar da ba zan so in wuce ba, ta sauraro ana caji. An fahimci dalili: wuta ta zo, ba a san yaushe za ta tafi ba, ga shiri ana yi. Amma ƙwayar cajin ƙananan rediyoyi ba ta iya bambance wutar da batir ke sha da wadda lasifika ke sha. Tana jiran abin da ake ja ya ragu ta yanke, lasifika kuwa ba ta bari ya ragu, sai batir ya zauna a 4.2 awa da awanni yana ɗumi. Ga kuma ƙugin da caja ke cusawa a tashar FM. In dole ne, a yi, amma kada ya zama kullum.

In batirin ne da gaske

Wani lokaci Baba yana da gaskiya. Batirin litiyam yakan yi cika da ƙarewa 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu a fili, wato wanda ake caji kullum zai fara gajiya a shekara ta biyu. Alamarsa ba ta ɓuya: ya cika cikin minti goma sha biyar, ya ƙare kafin a gama labaran duniya. Zafi na gaggauta wannan. Masu ƙera shi sun ce kada a yi cajinsa a sama da digiri 45, Kano kuwa a Afrilu takan wuce 40 a inuwa. Rediyon da aka bari yana caji a kan taga, ko a ƙarƙashin rufin kwano da azahar, ko a gaban gilashin mota, ya haye wannan iyaka ba tare da kowa ya lura ba. Cajin dare ko na safiya, a ƙasa a kan siminti, ya fi masa.

Sayen sabo kuma sai an buɗe ido. Batirin 18650 na gaskiya, daga manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG, bai cika wuce 3,500 mAh ba, nauyinsa kuma wajen giram 45 ne. Duk wanda aka rubuta wa 8,800 ko 9,900, ƙarya ce tsagwaronta, kuma in ka ɗaga shi za ka ji shi sakayau. Haka BL-5C da aka buga wa lambar da ta ninka 1020 sau biyu ko uku, alhali girman bai canja ba. Araha ba ta ado. Abin dariyar shi ne tsohon batirin da aka ciro daga lalatacciyar laftof sau da yawa ya fi sabon jabu a leda.

Masu gyara suna da abin da suke kira tayar da batir: a ɗora masa wuta kai tsaye daga injin gwaji na 'yan daƙiƙu, ya hau inda caja za ta gane shi. Ga batirin da kariyarsa ce kawai ta rufe, wannan daidai ne. Amma wanda mita ta nuna ya faɗi ƙasa da bolt 2 kuma ya daɗe a haka, jan ƙarfen cikinsa ya fara narkewa, in aka tilasta masa caji yana iya haɗa wuta a ciki daga baya, a aljihu ko a ƙarƙashin matashi. Wannan a haƙura da shi. Ko kamfanonin asali ba su tsira daga sharrin litiyam ba: a 2007 Nokia da kanta ta yi shelar musanya batiran BL-5C miliyan 46 da Matsushita ya ƙera mata, saboda wasu sun riƙa zafi fiye da kima a caji. A nan gida, gobarar da ta tashi a kasuwar waya ta Farm Centre ranar Babbar Sallah, 6 ga Yunin 2025, rahotannin farko da fashewar batir suka danganta ta.

Kumburi shi ne gargaɗin da batir ke bayarwa kafin ya kai can. Iskar gas ce ke taruwa a ciki. In murfin bayan rediyo ya fara ƙin rufuwa, a ciro batirin a kwantar da shi a kan tebur a murza shi da yatsa. Lafiyayye zai tsaya cak, mai ciki zai yi ta juyi a kan tumbinsa. Kada a huda shi don a sace iskar, kada a danne shi ya koma, kada a ce bari a ƙara masa caji ɗaya. A liƙe ƙarafunansa da salatif, a sa shi a gwangwani da ɗan yashi nesa da katifa da risho, a kai wa mai gyara ko masu sayen tsofaffin batura. Ban da jefa shi a bola, domin bolar unguwa wuta ake sa mata, kuma yara ne ke tona ta.